Gyaran Alhaji Karimu

Wheaton, Maryland

Yayata Talatu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya riƙe mu har yau ba don wayonmu ba, domin in da wayo ake rayuwa da ƙanenki ya daɗe da zama tarihi. Ina fata wannan takarda za ta tarar da ke cikin ƙoshin lafiya, ke da yara da jikoki da dukan mutanen gida a Samarun Kataf. Yaya gwiwar? An ce kin ce da sauƙi, amma na san ki, ko ƙafar ce ta cire gaba ɗaya za ki ce da sauƙi. Allah ya kawo sauƙi na gaskiya. Mu a nan muna lafiya. Matata Constance tana aikinta na nas, ta dawo da ƙafafu a kumbure, ta tsoma su a ruwan zafi, ta riƙa ba ni umarni daga kan kujera kamar ni ma majinyacinta ne. Ɗanmu Raymond ya yi tsawo har sai na ɗaga kai nake yi masa faɗa. In yi masa da Hausa, ya amsa da Turanci, rabin amsar ta wuce ni, sai in ɗauka haƙuri ya bayar. Ni kuma ina nan a ramina, wato garejin nan na ƙarƙashin ƙasa a Washington, ina jera motocin manya waɗanda ko tayarsu ba zan iya saya ba.

Na zaɓi takarda ne maimakon waya domin in na kira ki ba za ki bari in kai aya ba. Ki yi haƙuri da rubutun wanda ya tsaya a aji biyu na sakandare. Na ji labari cewa Mama Edna ta cocinmu ta riga ta buga miki, ta ce 'yata Lizzy ta haɗa wani dattijo da hukuma saboda kifi, kuma kin ce za ki kira yarinyar ki wanke mata kai. Yaya, ina roƙonki ki ajiye wayar tukuna. Ke kika goya Lizzy har ta shekara goma kafin mu ɗauko ta, kuma duk duniya babu muryar da take sa ta kuka kamar taki. Ki karanta wannan har ƙarshe, sannan ki zaɓi wanda za ki wanke wa kai. Ina da tabbacin zai zama mai sanƙon nan da ke rubuto miki.

Kin san tana karatun digiri na uku, amma ban taɓa gaya miki gaskiyar abin da take karantawa ba, kullum sai in ce ilimin kifi, ki ɗauka tarwaɗa ce. Ba tarwaɗa ba ce. Wani dodon kifi ne na teku da ake kira shak, wani ya fi ƙofar ɗakinki tsawo, bakinsa cike da haƙora layi-layi kamar kunyoyin doya. Irin da ta fi so kuwa shi ne mai kai kamar guduma, ido ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Ita da abokan aikinta sukan shiga jirgin ruwa su yi nisa har ƙasa ta ɓace, su kamo shi, su riƙe shi a gefen jirgi, ita ta sunkuya da hannunta ta liƙa masa wata 'yar na'ura a fiffiken baya, su sake shi. Daga nan duk inda ya je sai na'urar ta nuna musu a kwamfuta. Jikar mutanen da ba sa ƙetare rafin bayan gidanmu in an yi ruwa da daddare, ita ce wannan. Sau ɗaya ta kai ni in ga jirgin. Na hau, na yi amai, alhali yana ɗaure a bakin gaɓa ko injin ba a tayar ba.

Na taɓa tambayarta me ya sa mutum mai hankali zai ɓata ƙuruciyarsa yana kare abin da zai iya cinye shi. Ta ce shi ne a saman kowa a teku, in ya ƙare sai kifayen da ke ƙarƙashinsa su yi yawa su cinye na ƙasa da su, komai ya rikice har masunci ya rasa abin kamawa. Na ce to ai wannan maganar kyanwa da rumbu ce, in ka kashe kyanwoyi ɓeraye su gaji dawarka. Ta ce na ci jarrabawa. Ta kuma ce masu kan gudumar nan ba ƙwai suke zubawa ba, haihuwa suke yi, kuma sai sun yi shekaru kafin su fara, shi ya sa in aka kashe su da yawa ba sa dawowa da wuri. Akwai wata babba da ta liƙa wa na'ura ta sa mata suna Talatu. Kada ki ji haushi, ta ce don ta fi kowa ƙarfin hali ne, ni ne dai na ƙara da cewa girman kan ma ya dace. Ta bi wannan Talatun a kwamfuta fiye da shekara, kullum da safe kafin ta sha shayi. Bara na'urar ta yi shiru, ba a sake jin ta ba. Lizzy ta yi mako ba ta cin abinci sosai.

Yanzu bari in kawo miki Alhaji Karimu. Shi ne mutumin Kumasi ɗin nan da nake yawan ba ki labari, mai shagon kayan abincin gida a nan Wheaton. Lokacin da na sauka ƙasar nan ba ni da kowa, a ɗakin ajiyarsa na kwana tsakanin buhunan gari har sanyi ya zo ya wuce. Shi Musulmi ne mai tabon salla a goshi, amma shi yake tashina ranar Lahadi ya ce in je in gaida Ubangijina kada a ce shi ya ɓata ni. Da azumi ni nake tsare masa shago ya je ya sha ruwa. Da Lizzy ta zo, a kan kantarsa ta koyi lissafin Amurka, Baba Karimu take ce masa har gobe. Kuma yana da wata ɗabi'a da duk Wheaton ta san shi da ita: ba ka fita shagonsa ba gyara. A ƙasar da ko tsinke sai an auna, shi in ya gama ɗaure maka kaya sai ya sake kwance ledar ya jefa wani abu, ko attarugu biyu, ko dunƙulen daddawa, ya ce wannan na hanya ne. Shekaru nawa ina saye a wurinsa, ban taɓa fita ba tare da na hanya ba.

Wata Asabar gyaran da ya ba ni daban ne. Ya sunkuya ƙarƙashin kanta, ya buɗe wata kula, ya ciro wani busasshen kifi mai gishiri da 'yan Ghana ke kira kako. Ya ce ba na kowa ba ne, matafiya ke kawo masa a akwati, yana ajiye wa mutanensa masu kewar gida. Warinsa, Yaya, zai iya tayar da wanda ya suma, amma da Constance ta gutsura ta jefa a miyar kuɓewa sai da na lashe kwano. Ba kai, ba wutsiya, ba fata, wani farin tsoka ne kawai kamar guntun katako. Ni ban tambayi sunan mahaifinsa ba.

A makon ne kuma jami'ar su Lizzy ta buɗe ɗakin gwaje-gwajensu don iyaye su zo su ga abin da 'ya'yansu ke yi. Kin tuna yadda Baba ya riƙe zakara a hammata ya kai wa hedimasta ranar da aka sa ni makaranta? Zakaran ya shiga tukunya, ni ban wuce aji biyu ba, amma darasin ya zauna mini: ba a zuwa gaida malamin ɗanka hannu rabbana. Na zauna ina tunanin me zan kai wa Farfesa Olive, shugabar su Lizzy, wata doguwar Baturiya mai furfura. Sai dabara ta zo mini, irin dabarata. Na ce mace mai son kifi har ta yi furfura a kansa, me ya fi dacewa da ita in ba kifin da ba ta taɓa ci ba? Na naɗe ragowar kakon nan a takarda mai ƙyalli, na sa babbar rigata, na hau jirgin ƙasa na Metro mutane suna matsawa suna ba ni wuri.

Abin da ban sani ba, domin duk lokacin da Lizzy ke bayani rabin hankalina yana kan ƙwallo, shi ne rabin aikinsu ba a teku yake ba. Suna karɓar busasshen kifi daga kasuwanni, su yanki ɗan ƙanƙane, na'ura ta gaya musu asalin kifin, don a gano ko ana sayar da irin waɗanda doka ta hana a yi fataucinsu ba takarda. Wato na ɗauki kayan da ake nema, na naɗe da takardar biki, na kai ofishin masu nema. Na rusuna na miƙa wa Farfesa da hannu biyu a gaban mutane. Ta buɗe, ta shinshina, ta yi murmushi, ta tambaye ni a ina na samu. Ni kuwa ga dama ta tallata abokina ta samu. Na faɗi sunan shagon, na faɗi titin, har na ƙara da cewa in ta je ta ce Kambai ne ya aiko ta, za a buɗe mata kular ƙarƙashin kanta. Na waiwaya don in ga yadda 'yata ke alfahari da ni, sai na ga ta dafe tebur, fuskarta kamar an watsa mata toka.

Bayan 'yan kwanaki sakamako ya fito. Mai kan guduma ne, irin su Talatu, daga cikin waɗanda suka fi kusa da ƙarewa. Lizzy ta zo gida ranar Lahadi bayan sujada ta gaya mana a kan abinci. Ta ce ƙa'idar aikinsu ita ce in irin wannan ya shigo hannunsu da sunan shago, dole su sanar da hukuma, kuma abin zai iya kaiwa ga tara mai nauyi da kwashe kaya, wataƙila har a taɓa takardar izinin shagon. Shagon nan shi ne Alhaji gaba ɗaya, shi ke ciyar da gidansa a nan da wani gidan a Kumasi, kuma mutumin ya wuce shekarun fara sabon abu. Ta ce alfarma ɗaya ta roƙa aka yi mata: Farfesa ta yarda a bar ta ta fara zuwa wurinsa, ta roƙe shi ya miƙa kayan da kansa, domin wanda ya miƙa da hannunsa ba ɗaya yake da wanda aka kama ba. Amma ta sa sunanta jingina. In ya ji labari ya zubar da kayan ya ce bai san zancen ba, za a ce ita ta tsegunta wa mai laifi, kuma aikin da ta yi shekaru tana ginawa zai iya rushewa.

A nan ne na yi abin da ya sa nake rubuta miki da kaina a ƙasa. Na ce mata ai abin mai sauƙi ne, ta koma ta ce mahaifinta tsoho ne mai ruɗewa, ba a shagon ya samu ba, wani baƙo ne ya ba shi a tashar bas. Na ce duk wanda ya ji Turancina zai yarda ban san abin da nake faɗa ba. Ta ce ba za ta yi ƙarya a aikinta ba. Na ce to ta zaɓi kifi a kan mutumin da ya ɗauke ta a kafaɗa. Constance ta ajiye cokali ta kira sunana sau ɗaya, irin kiran da kin sani. Lizzy ta fara amsawa da Turanci, sai ta tsaya, ta koma Hausa, irin Hausarki sak, har da yadda kike jan ƙarshen magana. Ta ce ita ba ta ce wannan guntun Talatu ba ce, tekun ma ba ɗaya ba ne, amma ita ma wata ce da ta yi shekaru tana girma kafin a mayar da ita ɗanɗanon miya. Ta ce tana son Baba Karimu, shi ya sa za ta je ta kalli idonsa maimakon ta bari baƙi su fara zuwa. Ta ce kuma ba ita ta naɗe kifin a takarda mai ƙyalli ba. Wannan ta ƙarshen ba ta ɗaga murya ba, amma sai na ture kwanon tuwon gefe.

Ba zan ɓoye miki ba, na ɗauki waya har sau biyu don in kira Alhaji in ce ya kwashe kular nan ya kai bola. In na yi haka na ceci abokina na kashe 'yata. In ban yi ba, ga abin da ke tafe. Na zauna a gareji ranar Litinin ina jera motoci a wuraren da ba nasu ba, har wani lauya ya yi ta yawo yana neman tasa. Da na tashi aiki na gaya wa Lizzy cewa ba ita za ta buɗe baki ba. Ni na kai kayan, ni zan kai labarin.

Muka je da hantsi ranar Talata, lokacin da ba ciniki. Alhaji yana ganinmu ya fara tsokana, wai yau likitar kifi ta zo duba marasa lafiyan da ke cikin firij. Matarsa Azaratu tana jera doya. Na gaishe shi gaisuwa mai tsawo har ya gane akwai magana, ya ja kujera. Na faɗa masa komai tun daga takarda mai ƙyalli, ban rage wautata ko kaɗan ba, ina fatan zai yi dariya ko sau ɗaya. Bai yi ba. Azaratu ce ta fara magana, ba ta ma kalle ni ba, ta ce wa mijinta ya tambaye ni ko buhunan garin da na kwana a kansu sun taɓa kai ni ƙara. Alhaji ya ɗaga mata hannu. Ya ce da ni, a hankali, ai shi bai sayar mini ba. Ya ce gyara ya ba ni, daga hannunsa zuwa hannuna, abin da ba ya ba kowa. 

Sai ya juya ga Lizzy ya tambaye ta ko ba ta sha miyar kako a gidansa ba tun tana 'yar firamare. Ta ce ta sha, kuma da daɗi, shi ya sa abin yake mata ciwo. Ya ce kakarsa ta dafa shi, kakar kakarsa ta dafa shi, ba wanda ya taɓa cewa teku na ƙarewa. Ta ce a zamaninsu da kwalekwale ake kamawa, yanzu manyan jirage ne ke sharewa. Ya ce to ta je ta kama manyan jiragen mana, ta bar tsoho da kularsa. Ta ce yana da gaskiya, hannunta bai kai can ba tukuna, kuma ba za ta yi masa ƙaryar cewa wannan adalci ne cikakke ba. Daga nan ta gaya masa sauran, har da cewa in ya zubar da kayan bayan mun fita babu wanda zai iya tabbatar da komai a kansa, ita ce kawai za ta ɗauki abin da ya biyo baya. Na so in toshe mata baki. Wa yake nuna wa mutum ƙofar baya alhali shi ne zai faɗa rami in an bi ta?

 Azaratu ta yi masa magana da yarensu da sauri, ban ji ba amma na gane. Ya daɗe yana murza carbi. Can ya miƙe, ya sunkuya, ya jawo kular, ya ɗora ta a kan kanta da ƙarfi har ma'auni ya girgiza. Ya ce wa Lizzy ta kira mutanen nata, ba zai sa a kira yarinyar da ta koyi lissafi a kan wannan kantar maƙaryaciya ba. Ta ce za ta tsaya a gefensa ranar da za su zo, ta faɗa da bakinta cewa shi ya miƙa. Ya ce ta tsaya inda take so.

Ni kuma don in sami abin yi da hannuwana sai na ce a auna mini gari da barkono. Ya auna daidai, ya zuba a leda, ya ƙulle. Na tsaya ina jira, kamar yadda jikina ya saba, ya sake kwancewa. Ya turo mini ledar, ya ce a gaida gida. Yaya, na ɗauki kaya masu nauyi a ƙasar nan, amma ban taɓa ɗaukar abin da ya kai ledar nan marar gyara nauyi ba. A mota Lizzy ta karɓe ta daga cinyata ta ajiye a baya.

Mutanen hukuma sun zo sun tafi da kular, Lizzy ta tsaya a gefensa kamar yadda ta ce. Shagon yana buɗe, amma har yanzu ba a faɗi hukunci ba, kullum muna zuba ido. Wannan shi ne abin da Mama Edna ta taƙaita miki a layi ɗaya. Don haka in za ki kira Lizzy, ki kira ta ki ce ta ci abinci, ta rame. Wankin kan ki ajiye mini, zan kawo kan da kaina. Ki sa Alhaji Karimu da shagonsa a addu'ar zumuntar mata, ko da za su tambaye ki me ya haɗa ki da Alhajin Kumasi. Ki ce shi ne ya riƙa tashin ƙanenki zuwa coci.

Na koma shagon Asabar ɗin da ta wuce, ya amsa gaisuwata, ya auna, ya ƙulle. Zan koma wannan Asabar ɗin, da ta bayanta. Constance ta ce gari ya cika mana kicin har ba wurin ajiye tukunya. Na ce ta yi haƙuri ta nemi wuri, domin ba zan daina saye ba sai ranar da ya sake kwance ledar nan, ko da attarugu ɗaya ne ruɓaɓɓe.

Ki gaishe mini da Baba Kenneth, ki ce ina jin labarin sabon rufin ɗakinsa. Ki gaida Diana da maigidanta da jaririn, da Clinton in ya zo hutu, da dukan wanda ya tambaye ni ba don bashi ba. Constance da Raymond suna gaisuwa. Lizzy ba ta san na rubuto ba. Ubangiji ya tsare ki, ya ƙarfafa gwiwar nan, ya ba mu ganin juna da rai.

Ƙanenki, wanda har yanzu bai yi wayo ba,
Kambai